Baƙin Akwatin Kawu Bilya

Ngaundere, 22 ga Fabrairu, 2021

Zuwa ga Kawuna, Malam Bilya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, da ciwon gwiwa, da zafin Garwa da aka ce ya fara tun kafin lokacinsa. Na san ba ka buɗe saƙon waya, shi ya sa na rubuta da hannu na ba direban mota.

Kawu, cikin wannan kwali akwai aikin da na shekara biyu ina yi a jami'a. Za ka ga ƙananan takardu guda ɗari, da baƙin akwati mai rami biyu, da 'yar tocila mai shuɗin haske, da matsefata, da kwalbar tataccen ruwa. A tsakiyar kowace takarda mun shafa wani sinadari da aka ciro daga jikin halitta mai rai. Ba ya kama komai sai maganin ƙwarin auduga, irin wanda mutane ke zubawa a wake da busasshen kifi. Idan ya kama shi, sai ya yi haske.

Ka jiƙa abin da za ka gwada cikin rabin kofin ruwa na minti goma. Ka ɗauki takarda da matsefata, ka ɗiga ɗigo ɗaya, ka sa a akwati, ka kunna tocila ta ramin gefe, ka leƙa ta na sama. Duhu yana nufin lafiya. Koren haske yana nufin akwai magani, ko da yawansa bai wuce ƙwayar gishiri cikin randa ba.

Alfarma biyu nake roƙo. Kullum ka fara da gwajin shaida, wato ruwan kwalbar nan shi kaɗai. Sannan kada kowa ya ji sakamako, don har yanzu abin gwaji ne.

Kai na zaɓa saboda babu wanda ya san wannan matsala kamarka. Ka gaishe mini da Inna.

'Yarka,
Kaltuma

*

Hausare, Garwa, 3 ga Maris, 2021

'Yata Kaltuma,

Amin wa alaikumus salam. Ina lafiya daidai yadda mai fansho yake lafiya a ƙasar nan, wato ban mutu ba, kuma babu ofishin da ya tabbatar ina raye. Uwarki Iyatu tana nan lafiya, tana suyar ƙosanta a bakin titi, tana kuma yi mini tsawa kamar ita ce babba.

Kwalinki ya iso. Na daɗe ina kallonsa. A shekarar 1981 na fito na biyu a makarantar koyon aikin gona. Wanda ya fito na ɗaya yanzu yana da gidan sama a Yawunde, kuma har gobe in kin ajiye masa gero da dawa sai ya tambayi direbansa. Ni kuwa aka kai ni Cholire, daga can Maga, daga can Mora, duk inda hanya ta ƙare nan ake tuna da Bilya. Rahoto arba'in da ɗaya na rubuta a kan maganin auduga da ake zubawa a abinci. Guda ɗaya ne na tabbatar ya yi amfani, don na tsince shi a tasha an naɗe tsire da shi, shafi na bakwai, da sa hannuna ya sha mai. A 1993 aka yanke mana albashi sau biyu cikin shekara guda, na daina rubutu. Yau ga 'yar ƙanwata ta ƙunso aikin rayuwata a kwalin sabulu ta ba direba. Allah ya yi miki albarka, amma abin da ciwo.

Game da sharuɗɗanki. Gwajin shaida, yarinya, ni na koya wa mutane shi tun uwarki tana goyo. Ba zan ɓata takarda don ruwa ya gaya mini shi ruwa ne ba. Matsefatar kuma ta yi mini amfani, na cire ƙaya biyu a diddige. Takardun naki zafi ya sa suna manne wa juna, amma wanda ya shekara talatin yana buɗe dosiye, fayil-fayil na ofis, ya san yadda ake raba takarda da takarda.

Yanzu ga labari. Kin san Alhaji Mahamat mai wake, wanda uwarki take saye a wurinsa. Benci ɗaya muka zauna da shi a lekol, wato makarantar boko. A aji uku ya gudu saboda lissafin rabawa. Yau manyan motocinsa uku, ni kekena ɗaya, shi ma ba birki. Tun 1999 na faɗa a gaban jama'a cewa waken da ya kai Afrilu ba huda ko ɗaya, ba albarka ba ce, magani ne. Ya yi dariya, ya aiko mini da goro, kamar wanda ya yi masa waƙa a biki. Ni ma gorona yakan yi wata uku babu sankara, amma akwai bambanci tsakanin mai ilimi da mai buhu.

Shekaranjiya na ɗebi wakensa daga kwanon uwarki, na jiƙa, na ɗiga, na leƙa. Kaltuma, kore! Kore shar, kamar fitilar kantin magani. Na sake, ya sake. Na zauna a kan tabarma na yi dariya ni kaɗai har Iyatu ta leƙo ta tambaya ko fanshon ne ya fito.

Shekara ashirin da biyu ina jiran wannan haske.

Ki gaida malamanki, in suna amsa gaisuwar irinmu.

Kawunki,
Bilya
Tsohon jami'in gona, mai daraja ta ɗaya

*

Ngaundere, 6 ga Maris, 2021

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗin wasiƙarka, na kuma ji tsoro.

Don Allah, don Annabi, ka yi gwajin shaida. Ba raina iliminka nake yi ba. Takarda tana iya lalacewa a hanya, kofi yana iya zama da datti. Idan ruwan kwalba ya yi haske, duk sauran sakamakon banza ne. Kuma ina sake roƙo, kada maganar Alhaji ta fita daga ɗakinka. Wake biyu da aka gwada ba su isa a zargi mutum ba, kuma ka tuna daga buhunsa Inna take suya.

'Yarka mai biyayya,
Kaltuma

*

Hausare, Garwa, 15 ga Maris, 2021

Kaltuma,

Sallama da gaisuwa. Wasiƙarki ta iso bayan abin da zai faru ya faru.

Ban yi niyyar faɗa ba. Ranar Juma'a bayan la'asar muna zaune a majalisa ƙofar shagon Sanda tela, sai ga Alhaji Mahamat ya sauko daga mota yana gyara babbar riga, ya ce, "Injiniya, ya retret, ya zaman fansho? Har yanzu ana rubuta rahoto?" Mutane suka yi dariya. Na tashi na shiga gida na ɗauko akwati.

Na sa Sanda ya kawo wake daga nasa gidan, wanda matarsa ta saya a wurin Alhaji, don kada a ce na shirya. Na jiƙa a gabansu. Ɗaya bayan ɗaya suka durƙusa suka leƙa. Sanda ya ɗago ya ce, "La ilaha, aljani ne a ciki?" Na ce ba aljani ba ne, abincin da kuka ci jiya ne. Alhaji ya leƙa ya daɗe, ya ɗago fuska ta yi toka. Ya rantse shekara takwas rabonsa da magani, wai buhu mai leda uku yake amfani da shi, ƙwari su mutu don rashin iska. Na ce masa haske ba ya cin hanci.

Daga nan abin ya fi ƙarfina. Kowa ya ruga gida ya kawo nasa. Kifin Lagdo, kore. Tumatirin bakin Binuwai, kore. Shinkafar Maga, kore, wannan kam ban yi mamaki ba, na san su. Gyaɗar liman, kore. Ruwan rijiyar masallaci, kore. Wani ya kawo nonon da Fulani suka tatso da safe, kore. Takarda talatin da huɗu na ƙona, ko ɗaya ba ta yi duhu ba. Kin ga abin da nake faɗa tun kafin a haife ki. Ƙasar nan an sa mata guba daga rijiya har zuwa minista, bambancin kawai ministan ba zai shiga akwatin ba.

Saura abu ɗaya da zan faɗa miki, kuma ina so ki karanta shi da idon ilimi. Wani mai neman fitina ya ce, "To Malam, ƙosan ƙanwarka fa?" Me zan ce? In ƙi, a ce na rufa wa gida asiri? Aka sayo na sefa hamsin. Na murmushe shi a ruwa da hannuna. Ya fi na kowa haske. Na faɗa da ƙarfi, don gaskiya ba ta da ƙanwa.

Tun ranar Iyatu ba ta yi mini magana. Tuwona ana ajiye shi a bakin ƙofa kamar na mai kuturta, miyar kuma ba man shanu. Na san zafin abin, amma an taɓa kai ni Mora saboda gaskiya, rashin man shanu ba zai girgiza ni ba.

Ki turo ƙarin takardu. Lawan na unguwa yana so a gwada zumarsa.

Kawunki,
Bilya

*

Garwa, 24 ga Maris

Kaltuma 'yar nan,

Ina gaishe ki, ina fatan karatu lafiya. Rubutuna ba kyau, ki yi haƙuri, na yaƙi da jahilci ne. Na ƙi kiran waya saboda in na fara magana zan yi ihu, shi kuma yana ɗakin da ke kusa.

Wane laifi na yi miki da kika aiko wa Yaya wannan akwatin? Shekara goma sha tara ina suya a bakin titin nan. Da kaskon nan kika yi lekol, da shi kika tafi jami'a. Ba wanda ya taɓa cin ƙosaina ya yi ko gudawa. Yau kwana goma sha biyu ina zuba mai ina kwashewa. Kwano huɗu nake niƙawa da, yanzu rabin kwano ma sai in ba kaji, su ma maƙwabta sun ce kada kajinsu su ci. 'Yan moto, masu haya da babur, da suke karyawa a wurina tun suna da gashi sai su wuce suna kallon sama. Jiya wata ta ja ɗanta ta ce, "Zo nan, na Iya Mai Lantarki ne." Sunan da aka sa mini ke nan.

Azumi saura kwana ashirin. Kin san a watan nan nake samun abin da ke riƙe gidan nan har shekara ta zagayo, shi da yake cin tuwon ma ya sani. In azumi ya kama mutane suna sayen ƙosai a unguwar Yelwa, shi ke nan, ba za su dawo ba.

Alhaji Mahamat ya zo da kansa ya buɗe mini buhu, leda cikin leda cikin leda, ya ce in shinshina. Mutumin nan hawaye ne a idonsa. Mata sun daina aiken yara shagonsa.

Shi kuwa gwanin naki ya zama boka. Da hantsi ya shimfiɗa tabarma, goro a kunci, jama'a a layi. Ya lashi babban yatsa ya zaro takarda, ya lashi yatsa ya zaro takarda, irin yadda yake yi a ofis da can, duk gefen takardun sun yi ja da yawun goro. In ya ga kore sai ya ce, "Ban faɗa ba?" Wallahi tun da aka sallame shi ban ga ya yi ƙiba irin ta wannan wata ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, wai shi ne zai kira ni mai guba. Mutumin da duk Asabar sai ya ɗauko 'yar kwalbar maganin auduga daga bayan randa, ya ɗiga a buta, ya yayyafa wa algararar da yake naɗe goronsa. Na yi magana tun bara, ya ce nasa da awo ne, ɗigo ɗaya a lita, wai jahilai ne suke zubawa da murfi. Nasa guba ce mai satifiket.

Ki karɓe kayanki ko in sa su a murhu.

Uwarki,
Iyatu

*

Ngaundere, 27 ga Maris, 2021

Kawuna mai daraja,

Gaisuwa irin ta 'ya da uba. Na samu labarin aikin da kake yi, kuma malamata ta ce ba ta taɓa ganin wanda ya tara samfuri da yawa cikin ɗan lokaci haka ba.

Akwai gwaji huɗu da sai da su za a karɓi sakamakonka a hukumance, har sunanka ya shiga littafina. Ƙa'ida ce wani ya yi su ba mai binciken ba, shi ya sa na roƙi maƙwabciyarku Madam Delphine, tunda tsohuwar nas ce kuma tana da safar hannu. Ga sabuwar matsefata.

Na ɗaya, ruwan kwalba, ita za ta zaro takardar. Na biyu, ƙosan Inna da waken Alhaji, ita za ta yi komai, kai kana zaune nesa. Na uku, ruwan kwalba, amma kai za ka zaro takardar yadda ka saba. Na huɗu, ɓarin goro daga cikin algarararka.

Kafin nan, don girman Allah, ka dakata da cin goron.

'Yarka,
Kaltuma

*

Hausare, Garwa, 5 ga Afrilu, 2021

Kaltuma,

Na amsa gaisuwa. Ladabinki ya yi yawa a wasiƙar nan, tun daga layin farko na san akwai wuƙa a ciki.

Delphine ta zo ranar Laraba da safar hannu da tabarau. Matar da ta shekara talatin tana huda ɗuwawun jama'a, yau ita ce alƙalina. Ta sa na zauna a kan turmi, taku biyar daga tabarmata. Uwarki ta tsaya a bakin madafa ta harɗe hannu.

Ga sakamako, kamar yadda aka koya mini rubuta shi.

Ruwan kwalba a hannun Delphine: duhu. Ƙosai: duhu. Waken Alhaji: duhu. Na ce batir ne ya mutu. Ta ce, "Zo ka zaro taka, Misye Bilya." Na zo. Wallahi ban san na kai yatsa baki ba sai da na ji uwarki ta ce, "Yauwa." Ruwan kwalba, wanda ba abin da ya taɓa shi sai ni: kore. Goro kuwa, Delphine ta leƙa ta ja da baya ta ce da wannan za a iya karanta jarida.

 Akuya ta yi atishawa a tsakar gida.

Na shiga ɗaki na sake lissafin awona. Lissafin daidai yake. Abin da ban lissafa ba shi ne Asabar hamsin da biyu a shekara, algarara ɗaya, ba a taɓa wanke ta ba. A rahotona na goma sha shida, shafi na huɗu, na yi gargaɗi a kan wannan taruwar da kaina. Ashe ni ma ban karanta ba.

Shekara arba'in ina neman mai sa wa unguwar nan guba, na same shi yana sanye da hulata.

Kwana biyu ban fita ba. Na yi tunanin in ce takardunki ne suka lalace, kuma da an yarda, don mutanenmu sun fi saurin yarda da lalacewar abu fiye da gyaruwarsa. Amma da safe ina jin uwarki tana hura wuta, ta ɗora kasko, ta zauna, ba takun kowa. Tun tana shekara shida nake ɗaukar ta a kafaɗa mu tsallake kwata zuwa makarantar allo.

Ranar Juma'a bayan la'asar na kai akwati majalisa, Delphine tana biye da ni. Ta gwada ƙosai da wake a gaban kowa, duhu. Sannan na lashi yatsana na danna a kan takarda na sa a ciki. Zanen yatsan ya fito kore, layi-layi, kamar na katin zaɓe. Na ce, "Jama'a, rijiyarku lafiya, gyaɗar liman lafiya, waken Alhaji lafiya, ƙosan Iyatu ya fi ni tsabta. Gubar ga ta nan." Na ɗaga yatsa.

Sanda ya yi dariya har ya faɗo daga kan keken ɗinki. Wani ya tambaya ko zan riƙa zuwa gidansu in an ɗauke wuta. A masallaci da magariba mutane suka riƙa gaishe ni da hannu a ƙirji. Mutum ɗaya ne ya miƙo hannu ya kama nawa ya riƙe, Alhaji Mahamat. Ya ce, "Injiniya, ka ci lissafin rabawa, ka faɗi na tarawa." Na so ƙasa ta tsage. 

Algararar na binne ta, kwalbar maganin audugar kuma na ba Delphine. Ta kai ni asibiti an ɗebi jini, an ce in sha ruwa in daina wayo. Delphine ta sake gwada sauran kayan da hannunta. Kifi biyu cikin tara sun yi ɗan haske na gaske. Wannan ki rubuta a littafinki. Sunana kuma ki bar shi, ko ki sa shi a babin kurakurai.

Dariya an yi, amma har jiya layin uwarki mutum shida ne. Ban san ko mutane za su yarda da ni karo na biyu ba, tunda na farkon ma shi ne karon farko da suka yarda.

Kawunki,
Bilya

*

Garwa, 14 ga Afrilu, biyu ga azumi

Kaltuma,

Barka da shan ruwa. A gurguje, hannuna duk ƙullu.

Sati guda kafin azumi kullum da safe Yaya yake fitowa ya zauna a bencina, mutumin da bai taɓa cin abu a titi ba wai shi fonksiyone ne, ma'aikacin gwamnati. Ya ci ƙosai goma a gaban jama'a yana ɓata rai, da cokali mai yatsu, don na hana shi sa hannu. Mutane suka fara zuwa kallon yatsan, in sun zo kuma kunya ta sa su saya. Jiya kwano biyar na niƙa, kafin a kira magariba ya ƙare, har 'yan moto suna faɗa a layi. Na mayar masa da man shanu.

Ɗazu Alhaji Mahamat ya aiko masa da goro ƙwarya guda, duk sankara ta huda shi. Ya ce a gaya wa Injiniya tsutsar ta ci tana nan lafiya, shi ma ya ci ba fargaba.

Ga Yaya nan yana ƙwace mini biro.

Uwarki,
Iyatu

Kaltuma, na sa Delphine ta gwada goron mutumin nan sau uku. Duhu. Zan ci in an sha ruwa. Kada ki gaya wa kowa na gode.

B.